Kwanon Ɗaki Ɗaya

Bandir ɗin kwano ɗaya. Kwalin ƙusa mai hula. Katako, guduma, zarto, almakashin yanka kwano, gwangwanin kwalta, galan ɗin baƙin mai saboda gara. Sai jakar tufafinsa da ya ɗora a cinya. Motar kaya na tafe tana faɗawa ramuka, kwanon na ta ƙara a baya, Auta bai waiwaya ba.

Bara ne Baba ya kira shi a waya, yana can ƙasar da ya je karatu ya zarce da aiki. Ya ce ɗakinsa na yoyo, in da hali a samo kwano kafin ruwa ya sauka. Auta ya ce to. Damina ta zo ta wuce, ta tafi da tsohon. Ciwon ƙirji, in ji likita. Auta bai samu jana'iza ba. Ga kwanon yanzu.

Inna ce ta buɗe ƙofa. Ta fi daɗewa tana kallon kayan fiye da ɗanta.

"Ka iso."

"Na iso, Inna."

Washegari ƙanenta ya zo da tsani a kafaɗa. Kafinta ne, rufi ne sana'arsa. Ya dubi Auta sama da ƙasa.

"An je an dawo, tsawo bai ƙaru ba sai tumbi. Za ka iya hawa kuwa, ko in ɗaura maka igiya in ja ka kamar guga?"

"Zan hau, Kawu."

"Taka kan layin ƙusa, nan katako yake. In ka zurma ba ni da bakin yi wa yayata bayani."

Suka hau. Ɗakuna biyu ne a jere, bango ɗaya ya raba su. Rufin ɗakin Baba ya gama yawo: tsatsa ta cinye shi, an yi faci da buɗaɗɗen gwangwani, an danne da duwatsu da tsohuwar taya. Na ɗakin Inna yana da sauran ƙarfi, sai dai kowane falle na ɗauke da jerin huda da aka toshe da tsumma da kwalta. Rana ta busar da kwaltar, ta tsattsage. Auta ya sa farce ya ɓamɓare ɗaya, ta fito kamar ƙanzo.

"Waɗannan fa?"

"Gurbin tsohuwar ƙusa. Kwanon da aka buga sau biyu ke nan." Kawu ya goge hannu a wando. "Na ɗakin Babanka ne, ya fi na Innarka dama-dama. Da ya ji ka shiru, ga hadari ya fara haɗuwa, sai ya jira ranar da ta tafi duba yayarka. Ya sa na kware nasa na mayar kan nata, ruɓaɓɓun nata muka ɗora masa. Ya ce in na faɗa bai yafe ba."

"Ta sani?"

"Wadda ke zubar masa da ruwan robobi kowace safiya? Ba ta dai tambaya ba."

"Toshin nan zai riƙe bana?"

"Ruwan farko ma ba zai riƙe ba. Kuma abin da ka kawo na ɗaki ɗaya ne, ko da na ja shi kamar danƙo."

Suka sauko. Inna na zaune a bakin ƙofarta tana ɗinkin maɓalli. Ba ta ɗago ba.

"Nasa za a yi," ta ce. "Shi ya roƙa."

"Inna, naki zai zuba."

"Ya zuba. Ina da robobi."

"Yaya," in ji Kawu, "mai ɗakin nan ruwa ya daina damunsa."

"Kai da guduma aka kira ka, ba da baki ba."

Auta ya tura ƙofar ɗakin Baba ya shiga. Rana ta ratso ta hudojin rufin, ta zuba ɗigo-ɗigo a daɓe. An janye gadon zuwa kusurwa, inda alama yoyon ya fi sauƙi, duk da haka katifar na da taswirar ruwa daga kai har ƙafa. Robobi na jere a gindin bango, ɗaya cikin ɗaya. Takalman tsohon na ƙarƙashin kujera, sun yi fumfuna. Ya tsaya yana jiran wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Babu abin da ya motsa. Ƙura kawai yake gani tana yawo cikin hasken.

Ya naɗe katifar ya fito da ita, ya koma ya kwaso takalman da rediyo. Robobin ya bar su inda suke. Ya zaro kwaɗon jakarsa, ya ja ƙofar, ta cije saboda danshi, ya sa kafaɗa ya ƙara ja har ta rufu. Ya datse kwaɗon, ya jefa makullin a aljihu.

Inna ta ajiye allura.

"Kawu," in ji Auta, "mayar da tsanin ɗakin Inna. Nata za a yi."