Bambar Mushe Almustafa

Tun da aka yi wa Almustafa canjin aiki zuwa buron dabbobi na Illela, wato ofishin kula da dabbobi, ba wanda ya taɓa kiran sunansa tsura, sai dai Mushe, wato “Monsieur” na girmamawa. Mushe a buro, mushe a kasuwa, a masallaci ma sai a matsa a bar masa fili. Iyalinsa suna can Gigimi. In ya koma masaukinsa, sallamarsa ma ba mai amsawa.

Wata ranar kasuwar Badagishiri amalanken jaki ya karce masa bambar mota, aka nuna masa rumfar Kallamu mai gyaran jikin mota. Kallamu bai san wani mushe ba. Ya turo masa tsohuwar taya ya zauna, ya miƙa masa shayi. Sannan ya goge wurin da samfefa, ya kwaɓa mastik mai taushi, irin wanda ke lanƙwasawa tare da roba ba ya tsagewa. Kafin ya bushe a fesa fenti sun yi hirar gero, sun yi ta Gigimi, har Kallamu ya yi masa tsiya kan sanƙonsa. Almustafa ya yi dariya har da hawaye.

To amma babban ma'aikaci ya je gareji ya zauna haka kawai? Kunya ta hana shi. Sai ya samo ƙusa. Duk sanda kaɗaici ya ishe shi, ya duƙa bayan katanga ya ja layi a bambar, ya kai wa Kallamu gyara, ya ɗora wa jakunan Illela laifi, bayin Allah.

"Jakkan Illela sun sa ma ido," in ji Kallamu.

Ran nan Kallamu ya ce a bar masa motar ta kwana. Da Almustafa ya dawo washegari, sai ya tarar da ƙaton bututun ƙarfe an yi waldarsa gaba da baya, ya kare bambar kaf.

"Na ga wahalarka ta yi yawa," in ji Kallamu, bakinsa har kunne. "Kullum kana nan kana zaman banza. Yanzu ko raƙumi ya buge ta, ba abin da ka samun ta. Ka huta da tahowa."

Almustafa ya shafa ƙarfen. Aiki ya yi kyau, ba makusa. Ya yi godiya, ya ƙara godiya, ya ɗan tsaya ko za a ce ya zauna. Kallamu ya riga ya duƙa gaban wata motar.