Mansur Dandaso

Ɗaso ba ta kallon teku. Ko Jidda aka je shan iska ranar hutu, sai ta zauna a mota ta juya wa ruwa ƙeya, wai kanta ke juyawa. Ƙarya take yi, kanta lafiya lau. Shekara shida ke nan da ɗanta Isa ya kira ta daga Libiya ya ce, "Ummi, gobe za mu shiga ruwa." Daga nan ɗif, ko labarin ƙarya ba ta sake samu ba.

A Makka aka haifi Isa, a unguwar Mansur ya yi wayo. Duk uwar da ta raini yaro a unguwar nan ta san tsoron lokacin Hajji, sa'ad da gari ke cika ya batse, yaro ya sulluɓe daga hannu cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa tun kafin yaro ya iya Fatiha ake sa shi haddace kwatancen gida. Na Isa gajere ne: "Mansur, ɗan Ɗaso mai waina." Dole a sa wainar, don Ɗaso uku ne a unguwar. Sau biyu yana ɓata a Mina yana ƙarami, sau biyu ana riƙo hannunsa har bakin tandarta.

Amma takarda ba ruwanta da inda aka haifi mutum. Ɗaso ta ajiye tanda ta kama aiki a wani gida, ta samu iƙama, wato takardar izinin zama, a hannunsu. Isa kuwa bai samu ba. Yana cikin tura keken tsofaffi a Aziziyya aka kama shi, aka yi masa tarhil, wato aka tasa ƙeyarsa zuwa Nijar, ƙasar da bai taɓa gani ba sai a bangon fasfon uwarsa. Bai shekara a can ba ya bi 'yan ƙetare sahara.

Matan unguwa sun yi sun yi da ita ta karɓi gaisuwa, a jera kujeru a layi kwana uku kamar yadda ake yi. Ta ce gaisuwar wa? Kun ga gawa? A Harami, in aka kira sallar mamata bayan farilla, takan miƙe tare da jama'a, amma tana ta kokawa da zuciyarta kada ta jefa sunan Isa a ciki. Haka ta zauna shekara shida, ba ta san ko addu'ar rai za ta yi masa ko ta rahama ba. Abin nan ya cinye ta, ta rame, ta daina dariya.

Uwar ɗakinta, Hajiya Jannatu, tsohuwa ce da ƙafa ta ƙi, asalinta Bakanuwa, amma gidansu sun zama 'yan ƙasa tun zamanin kakanni. 'Yarta Dakta Manal malamar jami'a ce, tsofaffin gine-gine take nazari, Hausarta kuwa ba ta wuce "sannu" da "na ƙoshi" ba. Ita ce ta tsiro da tafiyar mako uku zuwa Girka da Italiya, wai za ta duba dair, wato gidajen da rahiban Kirista ke killace kansu suna ibada. To banda Manal, wa zai bar Ɗakin Allah a ƙofar gidansa ya hau jirgi kallon inda wasu ke tasu ibadar? Hajiya ta faɗi haka ya fi sau goma, sannan ta ce ba za a bar ta a gida ba. Inda keken Hajiya ya je kuwa, nan Ɗaso take.

A Girka suka fara. Gidajen na can kan ƙololuwar duwatsu, sai ka rasa ta ina aka hau da tubali. A bakin ƙofa ana miƙa wa matan Turawa zane su rufe ƙafafunsu. Hajiya ta yi dariya har da tari, ta ce, "Yau ga inda lulluɓinmu ya yi rana." Ciki sanyi, ƙamshin turare da kakin zuma, zanen mutane masu manyan idanu a kowane bango, duk inda ka matsa suna bin ka da kallo. A wani dair ɗin Manal ta ja Ɗaso ta leƙa wata 'yar taga. Ƙoƙunan kawunan rahibai ne jere a kan katako, wasu an rubuta suna a goshinsu. Manal ta ɗauka tsorata ta yi da ta ga ta daskare. Ba tsoro ba ne. Hassada ce ta kama ta, Allah ya yafe mata, ganin ga ƙashi tsirara amma an san na wane ne.

Da jirgin ruwa suka ƙetara Italiya. Ɗaso ta shige can ciki inda babu taga, ta zauna a ƙasa, tana jin ruwa na bugun ƙarfen da ke ƙarƙashinta kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Ta ɗaga ƙafafunta ta naɗe, ba ta sauke su ba har aka iso.

Daga nan sai mota, hanya na bin gaɓa tana lanƙwasa, garuruwa farare manne a jikin tsauni, lemun tsami har kan titi. Manal na ta "Mashallah, Khala Ɗaso, dubi shuɗin nan." Khala take ce mata, wato inna. Ɗaso ta zaɓi kujerar ɓangaren dutse, duwatsun Italiya kam ta san su ciki da bai. Sai dai kunne ba ya rufuwa. Rugugin ruwan nan sak na masu ɗawafi in kana jinsu daga hawa na sama, kuma a cikinsa takan ji kamar wani na maimaita magana ɗaya. A kowane gari akwai samari baƙaƙe masu tallar hula da tabarau, ita kuwa ƙeyarsu take bi da ido. Sau ɗaya ta saki keken Hajiya ta bi wani har lungu biyu. Ya juyo, ɗan Senegal ne, ya ce mata "Mama" ya miƙa mata hula.

Dair na ƙarshe ƙarami ne, a kudu can, a kan gangare bisa teku, rahibai huɗu kacal suka rage, duk tsofaffi. Matakala ta hana keke shiga, don haka Ɗaso ta tura Hajiya inuwar wata gajeriyar katanga, da hantsi ne, ta zauna kamar kullum bayanta ga ruwa. Bayan katangar maƙabarta ce. Can kusurwa guda babu giciye, sai ƙananan duwatsu shimfiɗe a jere.

Manal ta fito tare da wani tsohon fada, wato limamin Kirista, wanda ya daɗe a Lubnan, Larabcin Sham radau a bakinsa. Shi ya ce waɗancan mutanen teku ne, waɗanda ruwa ya kawo. Ba a san sunayensu ba, sai lamba. Manal ta shiga tana karantawa a hankali, sha ɗaya, sha biyu, sha uku. Sai ta tsaya.

"Wannan yana da suna," in ji ta. "Mansur Dandaso."

Ta faɗe shi a miƙe, yadda Balarabe zai faɗa, ba ta ji komai a ciki ba. Hajiya Jannatu ce ta ɗago kai ta ce, "Ke, sake faɗa."

"Mansur Dandaso, ya Ummi. Wataƙila ɗan Mali ne."

Hajiya ba ta kalli 'yarta ba, Ɗaso ta kalla. Ita kuwa Ɗaso tana zaune, hannunta a kan birkin keke.

Fada ya ba da labari, ba tare da ya san wa yake ba wa ba. Shekara shida da suka wuce wani kwalekwale ya fashe a duwatsun ƙasan nan. Masunta suka kwaso mutum goma sha huɗu, ɗaya da sauran numfashi, saurayi dogo. Kwana biyu ya yi a ɗakin rahiban cikin zazzaɓi, bai san inda yake ba. "Na tambaye shi sunansa da Larabci, na tambaye shi da Faransanci," in ji tsohon. "Duk abin da na ce, amsa ɗaya yake ba ni, kalma uku, yana rera su da murya irin ta yara. Na ce to, sunansa ne da na ubansa da na danginsa. Na rubuta yadda na ji. Dutsen ne ƙarami, na ukun bai samu wuri ba, amma yana cikin littafina. Bari in tuna."

"Mai waina," in ji Ɗaso.

Tsohon ya juyo ya dube ta, bakinsa a buɗe.

Ta miƙe. Ba ta yi kuka ba a lokacin, muryarta ma ba ta yi rawa ba. Ta ce da shi cikin Larabcin Makka, "Ba sunansa ba ne, ya Abuna. Sunansa Isa. Mansur unguwarmu ce. Ɗaso ni ce. Ni na koya masa in ya ɓata ya faɗi haka, a kai shi gida."

Fada ya cire tabarau, ya lalubi katanga ya zauna. Ya ce, "Kwana biyu yana gaya mini." Manal ta toshe baki da gyale. Ita da ta zagaya duniya tana karanta rubutun bango, yau ta karanta Hausar kakanninta da bakinta ba ta gane ba.

Ɗaso ta shiga maƙabartar, abin da ba ta taɓa yi ba, don a Makka mata ba sa zuwa. Ta tsaya a kan dutsen, ta ɗaga hannu za ta yi addu'a, sai ta fara waige-waige. Hasumiyar agogon Makka take nema. Shekara arba'in ba ta taɓa tambayar alƙibla ba, tun da aka gina hasumiyar kuwa ɗaga kai kawai take yi ta gan ta, a otal kuma Manal ke shimfiɗa mata darduma. Ta tsaya tana juyi a tsakiyar kaburbura, ita ma ta ɓata.

Tsohon ya taso ya ce masunta 'yan Tunis ne suka yi masa wanka suka sallace shi, suka kwantar da shi ta dama, fuskarsa na duban Makka. Ya ɗaga hannunsa ya nuna mata. Teku ya nuna.

Ta daɗe idonta a ƙasa. Sannan ta juya. Ga shi nan shimfiɗe, shuɗi, yana ƙyalli, kyakkyawa ba kunya, kamar bai taɓa cin kowa ba. Ta tsane shi har cikin ranta, kuma ba ta kawar da kai ba, tunda can ɗanta yake kallo. Ta ce, "Allah ya jiƙanka, Isa." A nan kukan ya zo, Hajiya na taya ta daga bayan katanga.

Kafin su tafi Manal ta ce za ta sa a sake dutse, a rubuta Isa da cikakken sunan mahaifinsa. Ɗaso ta girgiza kai. Ta ce a bar yadda ya faɗa, a dai nemo dutse mai faɗi a ƙara "mai waina". Manal ta ce don me, Khala? Ta ce, "Ɗaso uku ne a Mansur."

Da suka dawo Makka aka jera kujeru a layi, ta zauna kwana uku ta karɓi gaisuwa. Matan unguwa suka ce alhamdulillahi, yanzu za ta huta. Huta ina. Ranar Juma'ar da ta biyo ta sauko da tsohuwar tandarta daga saman ɗaki, ta kankare tsatsa, ta jiƙa shinkafa. Tun daga nan kowace Juma'a da safe, kafin ta wuce gidan Hajiya, za ka same ta a ƙofar gida tana juya waina, ko da mai saye ko babu, tana ɗaga kai duk sa'ad da wani ya karyo kwanar layin.

Maƙwabciyarta Fatsuma ta gaji ta ce, "Ɗaso, me ya mayar da ke bakin wuta da tsufanki?"

Ta juya wainar da ke gabanta kafin ta amsa. Ta ce, "Kada a zo a tambayi mai waina, a ce ai ta daina."