Dusar da Akuya Ta Gane

Nagoda ya tankaɗe dusar karo na uku, ya murza ta da yatsu, ya ji ta yi laushi kamar hoda. Ta farar masara ce, da kansa ya je wajen mai injin niƙa a kasuwar Tudun Wada ya zaɓo. A gabansa kan tire akwai sojojin roba ashirin, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, a tsaye kan ɗan faifai mai faɗin murfin kwalba.

Sojojin na wasu ma'aikata ne a Abuja, manya da gemunsu, da ke jera su kan tebur ranar Asabar suna wasan yaƙi. Daga Turai aka kawo su da fentinsu. Saura kawai a ƙawata ƙarƙashin ƙafafunsu ya zama kamar filin daga a lokacin sanyin can. Okey ne ya samo aikin, mai shagon da Nagoda ya shekara goma sha tara yana ƙera wa ɗaliban zanen gini ƙananan gidajen kwali. Bai kuma ɓoye wa ma'aikatansa biyu ba: ɗalibai sun koma kwamfuta, mutum ɗaya zai iya riƙewa. Ya ba Nagoda ashirin, ya ba Mubarak ashirin, wanda nasa ya fi kyau shi zai zauna.

Mubarak ɗin nan, Nagoda ne ya koya masa riƙe reza. Yanzu ya zama magidanci, yana jin Turanci, kullum waya a hannu. Don haka Nagoda ya ja shi gefe ranar Talata.

"Wai wannan sino da Okey ke faɗa, da me ake yin ta?"

"Baba, ai dusar ƙanƙara ce," in ji Mubarak. "Sunan ma ya gaya maka. Dusa za ka tankaɗe, ka kwaɓa da farin gam. Haka Turawan ke yi, na gani a waya."

Mubarak ko ƙifta ido bai yi ba. Nagoda kuwa ƙanƙarar da ya sani biyu ce, wadda ta taɓa huda masa kwano da damina da wadda ake jefawa cikin zoɓo. Ya yi godiya, har da sa albarka.

A gida ya yi aikin, don hannunsa ya fara rawa kuma ba ya so a gani. Da tsinken sakace ya riƙa ɗora kwaɓin, ya tara shi jikin ƙananan duwatsu, ya bar sawun takalmi a bayan kowane soja. Gaskiya aikin ya yi kyau. Matarsa Ishatu ta leƙo, ta daɗe tana kallo.

"Malam, ni har sanyi na ji."

Daɗi ya kama shi, irin wanda ya manta rabonsa da shi. Ya kife turmi a tsakar gida, ya ɗora tiren a rana ya bushe, ya tafi sallar azahar.

Da ya dawo, turmin kaɗai ya gani a tsaye. Akuyar Ishatu ta tsinke igiya, tana lasar ƙasa, gemunta fari fat. Ita dai ba wanda ya yi mata bayanin Turai, ta ji ƙanshin abincinta ta zo. Ishatu na durƙushe tana tsintar abin da ya rage, hawaye na zuba. Soja bakwai ba kai, huɗu sun bi dusar ciki, sauran duk shaidar haƙori.

Bai daki akuyar ba. Ya tattara su a tiren, ya rufe da tsumma, ya tari keke mai ƙafa uku.

A shago Mubarak ya riga ya jera nasa, farare tas suna ƙyalli. Kusa da su ga kwalin garin soda irin na masu yin kek, wanda ya yi tasa sinon da shi, ko ɓoye shi bai yi ba. Okey ya ɗaga tsumman, ya ɗauki wani soja marar kai, ya shinshina.

"Baba Nagoda, mene ne wannan?"

"Dusa ce. Akuya ta hau."

"Dusa? Wa ya ce ka sa dusa? Kayan mutane ne fa, babu irinsu a ƙasar nan."

Nagoda ya dubi Mubarak. Ya jira shi ya yi magana, jira na gaske, don har lokacin zuciyarsa na cewa kuskure ne.

"Haba Baba," Mubarak ya ce yana murmushi, "wasa fa nake yi. Wa zai zaci babba kamarka zai ɗauka?"

Masu jiran fotokwafi a shagon suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce a kai akuyar Abuja, tunda ita ta ci yaƙin. Okey bai yi dariya ba, amma bai hana ba. Ya ce Nagoda ya kwashe kayansa kafin la'asar.

Kayan ba yawa: reza, burushi uku, da gilashin ƙara girman abu da ya saya tun Mubarak na firamare. Yana zuba su a leda Mubarak ya matso, ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya.

"Baba, gilashin nan, ko za ka bar min? Na ga ba aikin da za ka yi da shi yanzu."

Nagoda ya dubi hannun da aka miƙo masa, ya ga yatsun a tanƙware daidai yadda ya koya musu. Kunya ta hana shi cewa a'a a gaban mutane. Ya miƙa masa.

"Allah ya saka," in ji Mubarak. "A gaida Inna Ishatu. A gaida akuya."