Manaja Zai Koma Bakin Ƙofa

"Ni zan je wurin yayanki neman aiki? Direba fa?" in ji Manaja, yana fizgar laktayar wuyansa kamar ita ta kore shi.

Matarsa ta ci gaba da ninke kayan yara a hannun kujera. Ta ce ai direban ne yanzu mai ofis da fanka, wani kuwa sai falo da gajeren wando.

To shi dai Manajan nan bai taɓa zama manaja ba. 'Yan unguwa ne suka laƙaba masa, saboda kwat ɗin da yake ƙaƙabawa ko rana na dafa ƙwaƙwalwa. Aikinsa a kamfanin sabulu kula da ma'aikata ne: hutu, albashi, wa ya makara. Da masu kamfanin suka shiga yayin miƙa ayyuka ga 'yan kwangila, shi ne ɗan gaban goshi. Ya sallami masu shara, ya sallami masu gadi, ya sallami direbobi har da yayan matarsa. Kowa sai ya zaunar da shi, ya buɗe masa lemo mai sanyi, ya ce ba kora ba ce, dama ce ta ci gaba. Har ta kai in an ga lemo ya nufi ofishinsa, sai a fara yi wa juna jaje.

Shekaranjiya darakta ya kira shi. Yana shiga ya tarar da lemo a kan tebur, har an buɗe. Wai lissafin hutu da albashin ma an ba wani kamfani, na'urarsu ba ta ciwon baya. Wannan kamfanin kuwa, Allah da ikonsa, shi ne ya kwashi tsofaffin direbobin, yayan ya zama shugabansu.

Manaja ya buga ƙirji ya ce kamfanin ba da shawara zai buɗe, har ya sa a buga masa kati mai ruwan zinariya. Matar ta ce madalla, sai a riƙa jiƙa wa yara katin da safe. Ita dai ta riga ta yi magana da Yaya. Gurbi ɗaya ya rage: mai duba fitar motoci, a ɗan ɗakin nan na bakin ƙofar kamfanin sabulun, inda a da ake sara masa in ya wuce. In bai je yau ba, wani za a ba.

A ransa ya hango masu sharar da ya shayar da lemo suna wucewa suna yi masa sannu da aiki, haƙora a waje.

"Da rigar kamfani ake yi?"

"Shuɗiya, har da hula. Yaya ya tambayi faɗin tumbinka, na faɗa masa, ban rage komai ba."

Manaja ya dubi tumbin, ya dubi matar. Ya zura dogon wando, ya jawo takalmi daga ƙarƙashin kujera, yana cewa zai je ya gaya wa direban nan da bakinsa cewa shi ba sa'ansa ba ne, kowa ya san matsayinsa.

"Allah ya ba da sa'a, maigida. Yaya ya ce a taho da ƙananan hotuna, ga su can a kan talabijin."

Ya harare ta har sai da idonsa ya gaji. Sannan ya kwashi hotunan ya cusa a aljihu, ya fita ya banko ƙofa.