Gidan Zanzaro a Barandar Sakinatou

Shekara uku da zuwan Hajiya Jimmai gidan ɗiyarta Sakinatou a garin McLeansville, can ƙasar Turawa, ba ta ga abin da ya san ta ba. Tsuntsayen garin baƙi, itatuwan baƙi, gero kuwa sai an shiga mota har wani kanti a titin Gate City Boulevard.

Ran nan sai ga zanzaro a baranda, da ɗan ƙugunsa kamar zare, ɗauke da laka yana gini a kusurwa. Hajiya ta yi tsaye baki buɗe. Irin ginin nan ne a ɗakin mahaifiyarta a Tasawa, sama da randa, kuma tsohuwar ba ta yarda a taɓa shi. Daga ranar ta mai da kujerarta baranda, har gaisuwa take masa, wai ɗan garinsu ne.

Jikarta Oumaima kuwa ta haddace littattafan zanen Japan, waɗanda ake karantawa daga dama kamar allo. A cikinsu akwai rina ƙatuwa kamar babban yatsa, mai kashe jarumi da harbi ɗaya. Tana ganin zanzaron ta ja da baya.

"Kaka, it's dangerous! A littafina mutum uku ta kashe."

"Ke tafi can! Waccan rinar Japan ce. Wannan magini ne, bai kula kowa."

Yarinya dai ba ta yarda ba, don tana son kakarta da rai. Hajiya na sallar la'asar ta ji ihu. Ta fito ta tarar da tsintsiya a ƙasa, gini ya ruguje, Oumaima na riƙe da hannun da zanzaro ya harba tana kuka, wai mutuwa za ta yi.

Ran Hajiya ya ɓaci ƙwarai, amma ba ta yi faɗa ba. Ta tsince ƙasar ginin, ta jiƙa a tafinta, ta shafa a wurin harbin, yadda mahaifiyarta take musu in kumatu sun kumbura.

Suna nan zaune zanzaron ya dawo da sabuwar laka. Ya je kusurwar, ya ja baya, ya sake zuwa, yana ta kewaya bangon.

"Me yake nema?" in ji Oumaima.

Hawaye suka zubo wa Hajiya.

"Gida. Haka na yi ta yi bara da na je Tasawa. Shaguna na iske a wurin ɗakin Inna."