Gwajin Oba-oba a Garki

Watan da gwamnati ta kwaso komatsanta daga Legas zuwa Abuja, ƙarshen 1991, aka dire mini babbar rediyon oba-oba a wani ofis a Garki da ko fentinsa bai bushe ba. Da ita za mu riƙa jin direbobin ma'aikatarmu masu ɗauko takardu, idan wani abu ya same su a hanyar Lokoja. Nawa aikin in gwada, in sa hannu.

Na cire eriya, na saurari shuuu ɗin da take yi ita kaɗai, na rubuta inda allura ta tsaya. Sannan na ba ta sigina daga na'urar gwaji, ina ragewa kaɗan-kaɗan. Rediyo mai lafiya, sai ka sauko ƙasa da ɗaya a ma'aunin na'urar kafin sigina ya nutse a cikin hayaniyar. Wannan tun a talatin ta kurmance.

Na kwance murfi, wari ya tarbe ni. Iskar teku ta ci wayoyin har sun yi kore, ga kashin kyankyaso ko'ina da ƙwayayensa. Waje kawai aka shafa wa fenti.

Na kira shugabanmu, Mista Abraham. Ko leƙawa bai yi ba. Ya ɗauki ƙaramar oba-oba ya shige ofishin da ke jikin nawa.

"Manniru, kana ji na? Oba."

"Oga, ko babu rediyo ina jin ka."

"To tana aiki ke nan. A Legas haka muke gwaji. Sa hannu, manya suna zuwa Litinin."

Na ce muryar direba daga Abaji ba za ta ratsa wannan hayaniya ba. Ya ce in ban iya ba, akwai masu iyawa. Na sa hannu, kuma har yau ina ƙyamar kaina.

Kwana tara bayan haka, Malam Yamusa, dattijon direbobinmu, ya shigo da yamma, rigarsa duk jini. Motarsu ta kife bayan Abaji, ta danne abokin tuƙinsa Maliki, daga baya sai da aka yanke masa ƙafa. Muryar Malam Yamusa ta dishe, da kyar nake jin sa.

"Manniru, tun hantsi har la'asar nake kiran ka. Ina ka tafi?"

Ban je ko'ina ba. Ina zaune a gaban rediyon.