Direban da Ba Ya Wuce Fasinja

Shekara ashirin da bakwai Baba ya yi yana jan tap-tap a Port-au-Prince, babban birnin Haiti, a-kori-kura mai rumfa da benci biyu, daga Carrefour zuwa cikin gari, ya juyo. Bòs Fénélon ake ce masa a tasha. Da muka zo Santiago sai ya koma tura baro a kasuwar kayan lambu. Dankali da albasa, buhu a kan buhu. Shekara shida ke nan.

Bayansa ne ya fara gazawa. Bai faɗa ba. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaure takalmi ya kasa ɗagowa, sai ya yi kamar yana neman wani abu a ƙasa.

Mama ta ce, "Me ya faɗi?"

"Ba komai."

"To ɗago mana."

Sai da na kawo masa kafaɗata.

Don Aliro, mai rumfar da Baba ke yi wa dako, shi ma ya lura. Yana da wata farar mota da ke raba kaya a shaguna, direbanta kuma zai koma garinsu ƙarshen Agusta. Ya ce, "Fenelo, kawo min lasin tuƙi in ba ka makulli. In Agusta ta ƙare ba ka kawo ba, wani zan ɗauka. Ba ƙiyayya ba ce, tumatir ne ba ya jira."

Lasin Baba na Haiti ba ya aiki a nan. Na nan kuma ba a ba mutum sai ya nuna takardar gama firamare, shi kuwa a aji huɗu ya tsaya. Ni na gama sakandare a nan unguwar Quilicura, ina zuba mai a gidan mai, ba wani abin a zo a gani ba. Sai ga shi na zama malaminsa. Kowace Lahadi in mun dawo daga coci, Mama ta kwashe kwanukan shinkafa da wake, mu baza littattafai a tebur.

"Malam Wesnel, wannan kogin na arewa, motar tumatir ta cikinsa za ta bi?"

"Ka dai haddace, Baba."

"Ina tambaya ne. Ɗalibi ba ya tambaya?"

Ya zauna jarrabawar firamaren tare da masu shara da masu gadi, duk furfura. Ya ci. Ya ci ta dokokin hanya a kwamfuta, yana danna amsa da yatsa ɗaya. Aka gwada idonsa, aka gwada saurin ƙafarsa a birki, mai gwajin ya ɗaga gira. Da aka ce saura tuƙi, Baba ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba.

"Wannan kuma ku je ku huta."

Ran gwajin Don Aliro ya kai mu ofishin ƙaramar hukuma a tsohuwar motarsa, da ita za a yi. Baba ya sa kwat ɗinsa ta coci. Mai gwajin mace ce, Señora Bustamante, gajera mai tabarau, da allon rubutu a hannu. Baba ya buɗe mata ƙofa, ya zagaya, ya ɗaura bel, ya gyara madubi. Yadda ya fitar da motar daga tsakanin wasu biyu, Don Aliro ya yi fito.

"Ka gani? Kamar yana ɗauke da ƙwai."

Muka jira a bakin titi, sanyi na cin kunne. Da suka dawo, tun kafin ya kashe mota na ga fuskarsa.

Ni ta kira, don Sifaniyancin Baba na kasuwa ne.

"Mahaifinka ne? Hannunsa ya fi nawa, ba ƙarya. Amma sau biyu ya taka birki ya tsaya inda ba a tsayawa. Ɗaya a bakin shataletale, ɗaya a kan gada. Na tambaye shi dalili, ya ce ni na sa shi. Ni kuwa ban ce uffan ba."

Na juya wajen Baba. Ya ce da yarenmu, a hankali, "Ta ƙwanƙwasa."

Tana tsaye tana jiran amsa, hannunta a kan rufin motar. Wani ƙaton zobe ne a yatsanta. Ƙwas, ƙwas. Ta ɗan jira. Ƙwas, ƙwas. Ba ta ma san tana yi ba.

A gida Haiti fasinja ba ya cewa a tsaya. Ina direba zai ji, ga kiɗa, ga oda, ga mutum ashirin a baya? Kwabo yake cirowa ya bugi ƙarfen mota sau biyu, direba ya tsaya nan take, ko a ina ne. Wanda ya wuce da fasinja, har kakarsa sai ta sha zagi.

Na yi mata bayani. Ta dubi zoben, ta rufe baki da allon, kafaɗunta na rawa. Sannan ta daina.

"Wayyo. Mijina ma ya gaji da halin nan nawa." Ta dubi Baba. "Amma abin da na rubuta na rubuta, Don Fenelón. Da akwai bas a bayanmu a kan gadar nan fa? Kana da dama ɗaya. Ashirin da shida ga wata."

In ya sake faɗuwa, sai ya koma farko, kuma Agusta ta wuce.

A hanyar dawowa Don Aliro ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Yana tuƙi yana bugun sitiyari da yatsa, yana cewa, "Fenelo, in tsaya?" Baba yana kallon waje. Da muka isa gida ya cire kwat ya rataye, ya kwanta a ƙasa a kan tabarma, don katifa ba ta yi wa bayan daɗi. Bai ci abinci ba.

Lahadi uku suka rage. Bayan kasuwa akwai filin da manyan motoci ke juyawa, ran Lahadi ba kowa sai karnuka. Don Aliro ya bar mana motar a can. Na zauna kusa da Baba da kwabo a hannu. Ya tashi mota, ya sa giya ta biyu. Na bugi ƙofa sau biyu.

Ƙiii. Goshina ya kusa cin gilashi.

"Baba!"

"Ba ni ba ne. Ƙafar ce."

Muka sake. Na gaya masa zan buga, na ƙirga masa ɗaya, biyu, uku, na buga. Ya tsaya. Sau tara muka yi, sau tara ya tsaya. Na ji haushi ya taso min.

Lahadi ta biyu Mama ta ce da ita za a je. Ta shige baya da murfin tukunya da cokali. Ta buga, ya tsaya. Ta kwashe da dariya.

"Shekara talatin ina magana a gidan nan ba ka ji, Fénélon. Ashe ƙwanƙwasawa ya kamata in yi."

"Ismène, ki bar ni in ji da abu ɗaya."

"Tafi, tafi. Ban iso ba tukuna."

Ya tafi. Ta buga. Ya tsaya. Wannan karon ya kashe motar gaba ɗaya, ya ɗora hannu biyu a sitiyari. Wani kare ya zo ya shinshina taya ya wuce.

Na ce, "Baba, ba fa mai sauka a bayan nan. Ƙara ce kawai."

"Na sani."

"To mene ne?"

Ya shafa sitiyarin.

"Wanda ya ƙwanƙwasa, gidansa ya iso. Yaya zan wuce da mutum gidansa?"

Mama ta ajiye cokalin a cinyarta. Duwatsun gabas sun yi fari fat da ƙanƙara, na zuba musu ido don kada in dubi kowa.

Shi ya fara magana. Ya ce jiki ba ya jin "kada ka yi", sai dai a ba shi wani aikin. A gida, kafin ya tsaya, yakan leƙa madubi ya ga wa zai sauka. To bari ya riƙe leƙen, ya bar tsayawar. In ya ga ba mai sauka, ƙafar za ta yarda.

Na buga. Idonsa ya tafi madubi, ƙafar ta ɗaga daga totur, ta yi rawa a sama, motar ta yi sanyi. Amma ba ta tsaya ba. Mama ta ɗaga masa hannu ta cikin madubin.

"Wuce, direba. Gidana da nisa."

Muka yi ta zagaya filin har mai ya kusa ƙarewa. Lahadi ta uku sau biyu kawai ya taka birki, ya ce na biyun kare ne. Ban ga kare ba.

Ran ashirin da shida na roƙi wani ya riƙe min aiki. Señora Bustamante ce dai. Ta gaishe shi da suna, suka tafi. Don Aliro ya sayo mana shayi a kofin takarda, nawa ya huce a hannuna. Ina ta tunanin baron nan, da yadda Baba ke jingina da shi in yana zaton ba mai kallo.

Suka dawo. Ya ajiye motar daidai layi, ya zagayo ya buɗe mata ƙofa. Ta miƙa masa hannu, ta ce da ni, "Ban taɓa ganin mai duba madubi irin mahaifinka ba. Ku shiga a ɗauke shi hoto."

Don Aliro ya rungume shi har ya ce wash. Da muka keɓe a layin hoto na ce, "Ba ta buga ba ke nan?"

"Ta cire zoben saboda ni, baiwar Allah. Na ga shatinsa a yatsanta."

"Shi ke nan, ai ta sauƙaƙa maka."

"Ina fa. Da biro ta koma yi. Sau goma sha ɗaya. Wuyana ya ƙage."

Ran ɗaya ga Satumba na raka shi kasuwa, ban gaya masa dalili ba, shi ma bai tambaya ba. An riga an loda farar motar, akwatunan tumatir har rufi. Wani sabon zuwa daga Jacmel ta can Haiti ne ya loda, Baba ya ce masa ya riƙa durƙusawa da gwiwa in zai ɗaga kaya, ya bar lanƙwasa baya. Don Aliro ya jefo makulli, ya cafe da hannu ɗaya.

Ya hau. Ya ja kujera baya kaɗan, ya dawo da ita gaba kaɗan. Sannan ya jingina, a hankali, har bayansa ya kwanta gaba ɗaya, ya rufe ido.

Don Aliro ya ce, "Fenelo, barci za ka yi min?"

"Ina zuwa, maigida."

Ya buɗe ido ya dube ni ta taga.

"Kai kuma tsayuwar me kake yi, Malam? Shigo in sauke ka a wurin aiki."